Haɗuwa daban, samun murya daban: sharhi a kan nazarin Lilian Mathieu game da zaman dirshan na matan Liyon a 1975

Taƙaitawa

Wannan ɗan aiki sharhi ne a kan bayanin da masanin zamantakewa Lilian Mathieu ya bayar game da yunƙurin karuwan birnin Liyon na watan Yuni 1975. Mun yarda da shi a kan rawar da abokan tafiya suka taka. Amma muna da ja a kan hukuncinsa cewa haɗin kan irin waɗannan mata abu ne mai wuyar faruwa. Shaidar ƙasar Hausa tana nuna cewa haɗuwar tsohon abu ce. Abin da ke da wuya shi ne su yi magana da bakinsu, a kan buƙatunsu, kuma a saurare su.

1. Gabatarwa

Ranar Litinin 2 ga watan Yuni 1975, mata kimanin ɗari masu sana'ar karuwanci suka shiga majami'ar Saint-Nizier da ke tsakiyar birnin Liyon, a ƙasar Faransa, suka ce ba za su fita ba sai hukuma ta saurare su. Kwana takwas suka yi a ciki, kafin ƴan sanda su fitar da su da ƙarfi da asubahin 10 ga wata. A shekara ta 1999, Lilian Mathieu ya buga maƙala a kan wannan al'amari a mujallar Revue française de sociologie, inda ya kira shi « une mobilisation improbable », wato yunƙurin da ba a zaci zai yiwu ba. A 2001 ya faɗaɗa hujjar tasa cikin littafinsa mai suna Mobilisations de prostituées, wanda ya haɗa da wasu ƙungiyoyin da suka ɓullo bayan 1975.

Dalilinmu na komawa ga wannan aiki shi ne, duk ɗalibin da ya so nazarin ƙungiyoyin matan da al'umma ta mayar gefe, in dai da Faransanci yake karatu, to da wuya bai ci karo da shi ba. Hatsarin da muke hange shi ne a ɗauko sakamakon binciken ɗungurungum a ɗora shi a kan Maraɗi ko Damagaram ba tare da an gwada shi ba.

Kafin mu shiga, akwai maganar kalma. Kalmar « karuwa » ba ta yi daidai da prostituée ba. A Hausa, karuwa mace ce, galibi wadda ta taɓa aure, da ke zaune ba ƙarƙashin miji ko iyaye ba, tana karɓar maza da kyautarsu, kuma tana iya komawa ɗakin aure gobe. Sannan sunan yakan faɗa a kan duk bazawarar da ta kama ɗaki ita kaɗai, ko da fura take sayarwa. Shi ya sa masu sakaya magana kan ce « mata masu zaman kansu ». Ita kuwa travailleuse du sexe, fassara ce ta wata kalma da ƴar gwagwarmaya Carol Leigh ta ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, don a ɗauki abin a matsayin aiki. Matan Liyon ba su san ta ba a 1975. Za mu yi amfani da « karuwai » don rashin wadda ta fi ta, muna sane da cewa rigar ba ta yi wa kowa daidai ba. Kazalika, hukuncin addini a kan zina sananne ne ga mai karatu, kuma ba shi muke tattaunawa ba. Tambayarmu ita ce: idan ana dukan mace ko ana kashe ta, ta wace hanya take kai kukanta, kuma wa ke karɓa?

2. Abin da ya faru a Liyon

Tun dokar 13 ga Afrilu 1946, wadda ake kira dokar Marthe Richard, aka rufe gidajen karuwai masu lasisi a Faransa. A 1960 ƙasar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1949, ta daina rajistar matan a wajen likita. Daga nan karuwanci bai zama laifi ba a kan kansa, amma kusan duk abin da ke kewaye da shi laifi ne: kiran namiji a bakin titi, ba da hayar ɗaki, cin kuɗin da aka samu ta wannan hanya.

A 1972 asiri ya tonu a Liyon cewa wasu ƴan sandan da aka ɗora wa kula da ɗa'a, tare da wasu ƴan siyasa, suna da hannu cikin kawalci. Hukuma ta so wanke sunanta, sai ta rufe ƙananan otel-otel ɗin da matan ke aiki a ciki, ta tsananta tara. Mace ɗaya takan sha takardar tara fiye da sau ɗaya a yini. A watan Agusta na wannan shekara wasu ƴan kaɗan daga cikinsu suka gwada zanga-zanga; ba ta yi armashi ba, jaridu suka mayar da su abin dariya. A 1974 aka kashe wasu daga cikin matan, kuma abokan sana'arsu suka ga ƴan sanda ba su damu da neman masu kisan ba. Bayan haka ma'aikatar lanho ta fara aiko musu da takardun bashin shekaru. Abin da ya cika tulun shi ne barazanar cewa wadda tara ta taru a kanta za ta tafi gidan kaso, wanda ke nufin za a iya raba ta da ɗiyanta.

Wannan tsoro shi ne suka rubuta a ƙyallen da suka rataya a gaban majami'a, cewa ɗiyansu ba su son a kai uwayensu kaso. Suka aika wa shugaban ƙasa Valéry Giscard d'Estaing wasiƙa. Mutanen unguwa suka riƙa kawo abinci, limamin majami'ar kuma ya ƙi kiran ƴan sanda. Cikin ƴan kwanaki abin ya bazu zuwa Pari, Marseille, Grenoble da Montpellier. Françoise Giroud, wadda ke riƙe da muƙamin kula da al'amuran mata a gwamnati, ta ƙi ganinsu, tana cewa maganar ta ministan cikin gida ce. Shi kuwa ministan, Michel Poniatowski, ya ce kawalai ne ke juya matan, ya ba da umurnin a fitar da su. Daga baya aka naɗa wani alƙali, Guy Pinot, ya saurari ɓangarori ya rubuta rahoto. Ya miƙa shi a ƙarshen 1975, gwamnati ta ajiye shi a aljihun tebur.

3. Hujjar marubucin

Mathieu ya faro daga wata ƙa'ida da masu nazarin yunƙurin jama'a suka daɗe da kafawa: zalunci kaɗai ba ya tayar da mutane. Da yana tayarwa, da waɗanda suka fi kowa shan wuya su ne suka fi kowa zanga-zanga, alhali ba haka abin yake ba. Kafin ɓacin rai ya zama yunƙuri, sai an sami kayan aiki: wurin taro, wanda ya iya rubuta wasiƙa, wanda ya san ƴan jarida, wanda ya taɓa shirya irin wannan abu.

A bayaninsa, waɗannan kaya su ne matan Liyon suka rasa. Mafi yawansu daga gidajen talakawa suka fito, karatunsu bai yi nisa ba, ba su taɓa shiga sandika ko jam'iyya ba. Sana'ar kanta gasa ce: kowace tana tsaron gurbinta a bakin titi, kuma ƴar'uwarta ita ce kishiyarta a wajen ciniki. A kan wannan duka ga tabon suna, abin da Erving Goffman ya yi nazari a kai a 1963: wadda ta fito gaban kamara ta tona wa kanta asiri a wajen iyayenta, da maƙwabta, da malaman lakkol ɗin ɗiyanta.

To, ta yaya abin ya yiwu? Amsarsa ita ce abokan tafiya. Ƴan ƙungiyar Mouvement du Nid ta Liyon, ƙungiya mai tushe a ɗarikar Katolika da ke taimakon karuwai, tare da Fada Louis Blanc, su ne suka ba da wurin taro, suka taimaka wajen rubuta takardu, suka buɗe hanyar jaridu. Dabarar fakewa a majami'a ma ba sabuwa ba ce: baƙin ma'aikata marasa takardu sun yi yajin cin abinci a majami'un Faransa a farkon shekarun 1970, kuma masu gwagwarmayar Katolika sun san da haka. Bayan su sai ƴan rajin haƙƙin mata suka shigo. A cikin matan kuma, waɗanda suka zama bakin taro, Ulla da Barbara kamar yadda suka kira kansu, sun fi sauran karatu da iya magana.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Manufar Nid ita ce matan su farka su bar sana'ar. Su kuwa matan, abin da suka nema a lokacin shi ne a daina tara, a daina kaso, a kama masu kashe su. Muddin abokin gaba ɗaya ne, wato ƴan sanda, tafiya ta yi daɗi. Da aka zo maganar me ake so a gina, sai hanya ta rabu. Shugabannin suka bar titi, wasu suka rubuta littattafai, yunƙurin ya mutu cikin ɗan lokaci.

4. Inda aikin ya yi ƙarfi

Abu na farko da ya kamata a yaba shi ne, marubucin ya ƙi bin bayanai biyu masu sauƙi. Na farko shi ne na minista, cewa kawalai ne suka kitsa komai. Na biyu shi ne na masu sha'awar abin, cewa wata safiya matan suka farka suka karya sarƙa. Gaskiya ne Ulla ta amsa daga baya cewa akwai namiji a bayanta a lokacin da take musun haka a gaban jama'a. Amma wannan bai soke tara da kaso da gawawwakin 1974 ba, kuma bai bayyana dalilin da ya sa yunƙurin 1972 ya faɗi na 1975 ya tashi ba, tunda kawalai suna nan a duka shekarun biyu. Abin da ya bambanta su shi ne shiri da abokan tafiya, kuma a nan hujjar Mathieu ta zauna daram.

Abu na biyu, tarihi ya gaskata shi a kan raunin irin wannan ƙawance. A 2003 Faransa ta mayar da ko tsayuwa a bakin titi da niyyar jawo namiji laifin da ke iya kai mace kaso na wata biyu. A 2009 masu sana'ar suka kafa sandikarsu, STRASS. Ranar 13 ga Afrilu 2016, shekara saba'in daidai bayan dokar Marthe Richard, aka soke wancan laifi, aka mayar da tara ta yuro 1500 a kan namijin da ya saya. Mouvement du Nid tana sahun gaba na masu goyon bayan wannan doka, STRASS kuwa tana sahun gaba na masu yaƙar ta. Wato ƙungiyar da ta buɗe wa matan ƙofar majami'a a 1975 ita ce ta tsaya a ɗaya gefen a 2016. Kowane ɓangare yana cewa tsaron matan yake nema. Wanda ya karanta Mathieu ba zai yi mamakin wannan ba.

5. Inda muke da ja

5.1. Rarrabuwar daga ina ta fito?

A karatunmu, marubucin ya ɗauki doka da ƴan sanda a matsayin abin da ya tunzura matan, rarrabuwarsu kuma ya fi jingina ta ga yanayin duniyar karuwanci. Mu kuwa muna ganin dokar tana da babban hannu a rarrabuwar kanta. Laifin kawalci a Faransa yana da faɗi ƙwarai. Wanda ya ba mace hayar ɗaki yana sane da abin da take yi, ya shiga ciki. A dokar wancan lokaci, namijin da ke zaune da ita ma ya shiga. Mata biyu da suka haɗa kuɗi suka kama gida ɗaya don su tsare juna, ana iya tuhumar wadda sunanta ke kan takardar haya da cin amfanin ɗayar. Ke nan duk wata hanya da talaka ke bi ya kare kansa, wato zama tare da haɗa aljihu, an toshe ta. Idan aka hana mutane zama wuri ɗaya, sannan aka zo aka tarar ba su da haɗin kai, ba a gano halinsu ba. Sakamakon hanin aka gano.

Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. In rarrabuwar daga sana'ar take, to haka za a same ta ko'ina. In daga doka take, to inda aka bar matan suka zauna tare ya kamata a ga wani abu daban. Ana iya gwada wannan, kuma ƙasar Hausa wurin gwaji ce.

5.2. Shaidar gidan mata

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san gidan mata, ya kuma san magajiya. Masu bincike sun rubuta a kansu tun da daɗewa: Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarinsu a littafin da ya fito a 1954, Abner Cohen ya same su a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, Jerome Barkow ya yi maƙala a kansu a 1971, Renée Pittin ta yi nazarin gidajen mata na birnin Katsina. Hoton da ke fitowa daga waɗannan ayyuka ya saɓa wa na Liyon. Baƙuwa in ta sauka gari, akwai wadda za ta je ta gaida. In rigima ta tashi tsakanin mata biyu, ko tsakanin mace da wanda ya zo wurinta, akwai mai raba gardama. Akwai adashe, akwai gudummawar biki da ta rashin lafiya, akwai ƴan daudu da ke shiga tsakani, sau da yawa kuma akwai zumuncin bori. Magajiya ce ke zuwa gaban sarki ko wakilinsa da sunan matan. Gasa tana nan, tabon suna yana nan, ƙarancin karatu yana nan, amma duk da haka akwai tsari da shugabanci, kuma ba wani fada ko ɗan boko ne ya kawo su ba.

Har a fagen siyasa an gan su. Barbara Cooper, a maƙalarta ta 1995 a mujallar Signs da littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda a zamanin jam'iyyu matan da ba su ƙarƙashin aure suka zama su ne ake gani a tarurruka, domin su ne ke da ikon fita, su yi waƙa, su yi rawa, su tara jama'a. Wannan ya bar tabo a kan duk macen da ta fito fili. Ƙungiyar matan Nijar ta AFN, wadda aka kafa a 1975 zamanin Seyni Kountché, wato shekarar da matan Liyon suka shiga majami'a, ta sha fama da wannan gado wajen jawo matan aure.

Idan muka tsaya a nan, sai a ce mun kayar da Mathieu. Amma ba mu kayar da shi duka ba, domin tsarin magajiya yana da iyaka, kuma iyakar ita ce ta fi koyar da mu. Magajiya tana tsakanin matan da masu mulki, amma igiyarta tana hannun masu mulki. Ita ke isar da umurni, ita ke tattara kuɗi in an nema, ita ke fito da mata ranar tarbar babban baƙo. Jam'iyyu sun ci moriyar muryoyinsu wajen yabon ɗan takara, ba mu kuwa san wata jam'iyya ta wancan zamani da aka tuna da ita saboda ta sa tsaron lafiyarsu cikin manufofinta. Ranar da gari ya juya musu baya, tsarin ba ya tare komai. An saba, in damina ta yi gardama ko annoba ta shigo, a ce matan su yi aure cikin kwanaki kaza ko su bar gari. Bayan da jihohin arewacin Najeriya suka fara aiki da shari'a daga 1999 zuwa 2000, mata da dama sun ƙetaro iyaka zuwa yankin Maraɗi. A watan Nuwamba 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, masu tarzoma a Maraɗi suka far wa mashaya, da majami'u, da gidajen mata marasa aure, har da gidan Iya, wadda sarautarta ke kula da bori. Cooper ta yi nazarin wannan tarzoma a wata maƙala ta 2003. Bikin a kusa da Yamai aka shirya shi, matan da aka ƙona wa ɗakuna ba su da hannu a ciki.

Ga kuma wani ƙulli. Dokar laifuffuka ta Nijar ta 1961 ta ɗauko laifin kawalci daga tsarin Faransa. Da idon irin wannan doka, magajiyar da ke karɓar kuɗin haya ana iya kiranta kawaliya. Wato matar da al'ada ta sa ta zama wakiliya, takarda tana iya mayar da ita mai laifi duk ranar da aka ga dama. Wakilin da ke cikin wannan hali ba ya ɗaga murya.

Abin da muka fitar daga wannan gwaji shi ne, kalmar mobilisation ta haɗe abu biyu da ya kamata a raba. Akwai haɗuwa don a rayu: ɗaki, adashe, sulhu, jana'iza. Akwai kuma fitowa fili a ce wa hukuma ga abin da muke nema a matsayinmu na ƴan ƙasa. Matan Liyon sun rasa na farko, suka yi na biyu na kwana takwas da taimakon wasu. Matan gidajenmu sun daɗe da na farko, na biyun ne bai samu ba. Da marubucin ya raba su, da tambayarsa ta fi kaifi.

5.3. Wa ya bar takarda?

Ja na uku ya shafi hanyar bincike. Mafi yawan abin da ya rage a rubuce daga 1975, abokan tafiya ne da ƴan jarida suka rubuta shi, domin su ne masu ajiye takarda. Mai binciken da ya zo bayan shekara ashirin dole ya ga hannunsu ko'ina. Wadda ta zagaya titi-titi tana lallashin ƴan'uwanta su zo taro, da wadda ta riƙe ɗiyan wata don ta samu ta kwana a majami'a, ba su bar komai a rumbun takardu ba.

Saboda haka muna ba da shawarar a haɗa karatun littafin da kallon fim ɗin Carole Roussopoulos, Les prostituées de Lyon parlent, wanda ta ɗauka da kamarar bidiyo a cikin majami'ar a 1975. Ana ɗaukar maganar matan a ciki, a nuna ta a akwatunan talabijin da aka ajiye a waje, masu wucewa su tsaya su saurara. Wanda ya kalli fim ɗin zai ji mata suna warware yadda tara da lanho ke aiki, suna nuna cewa hukumar da ke kiran kuɗinsu ƙazanta ita ce ke karɓar rabonta a ciki. Wannan fahimta ba aronta suka yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da suka ara shi ne hanyar da maganar za ta fita ba tare da an ga fuskar wadda ba ta so a gani ba. A ganinmu, littafin ya auna rashin ƙwarewarsu a siyasa da ma'aunin sandika da jam'iyya, ma'aunin da tun farko ba zai ga irin wannan sani ba.

6. Faɗuwa ce ko nasara?

In aka duba buƙatun 1975, yunƙurin bai biya ba: rahoton Pinot bai zama doka ba, tara ba ta tsaya ba. Amma ranar 2 ga Yuni ta zama ranar da ƙungiyoyin masu wannan sana'a ke tunawa da ita kowace shekara a ƙasashe da dama. Cutar sida kuma ta sauya lissafi, domin hukumomin lafiya sun gane ba a iya yaƙar ta ba tare da matan ba. A unguwar Sonagachi ta birnin Kalkata, a Indiya, shirin yaƙi da sida da aka fara a 1992 ya haifar da ƙungiyar Durbar a 1995, tare da asusun ajiya da bashi na matan kansu. Abin lura shi ne, matan Sonagachi a unguwa ɗaya suke zaune. Haɗuwar rayuwa ta riga ta kasance, murya ce ta zo daga baya. Wannan ya fi dacewa da rabon da muka yi a sama.

A Faransa gardamar ta kai kotu. Wani bincike da Hélène Le Bail da Calogero Giametta suka jagoranta tare da ƙungiyar Médecins du Monde, wanda ya fito a 2018, ya ce kashi 63 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun ga rayuwarsu ta ƙara taɓarɓarewa bayan dokar 2016, kashi 38 kuma sun ce tilasta amfani da kwaroron roba ya ƙara yi musu wuya. Masu goyon bayan dokar sun soki yadda aka zaɓi waɗanda aka tambaya. Mutum 261 masu sana'ar suka kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai. Ranar 25 ga Yuli 2024 kotun ta ce Faransa ba ta karya yarjejeniya ba. Sun faɗi a shari'a. Sai dai a 1975 sakatariyar gwamnati ta ƙi ko ganin matan, a 2024 kuwa alƙalan Turai sun zauna sun amsa hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

7. Kammalawa

Aikin Mathieu ya cancanci a ci gaba da karanta shi, musamman a kan abin da ke faruwa idan mai rauni ya dogara ga abokin da manufarsa ta bambanta da tasa. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, domin inda ake tara irin waɗannan mata a yankinmu, galibi shirin kiwon lafiya ne ke tara su, da kuɗin waje, a kan buƙatar da mai kuɗin ya zaɓa. Ana kiransu taro a kan kwaroron roba da gwajin jini. Maganar duka, da ƙwace, da kora, da ƙona ɗaki takan zo a ƙarshen ajanda, in ta zo.

Ga ɗalibin da zai ɗauki wannan fage, muna ba da shawarar kada ya fara da tambayar ko matan za su iya haɗuwa, tunda sun riga sun haɗu kafin a haife shi. Ya tambayi wa ke naɗa magajiya a garin da yake bincike, wa ke iya tuɓe ta, ina mace ke zuwa in an yi mata rauni da dare, kuma me ke faruwa da ƙararta in ta kai. Ya kuma kiyaye sunayen waɗanda suka yi masa magana fiye da yadda yake kiyaye takardunsa, domin shi digiri zai samu, su kuwa a garin za su ci gaba da kwana.